Wace manhaja ce ta dace da nazarin hirarrakin bincike a Sakkwato?

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya gama zagayen ƙauyuka, ya dawo Sakkwato da waya cike da muryoyin mutane da littafi cike da rubutun gaggawa, yawanci tambaya ɗaya yake kai wa mai duba aikinsa: "Malam, NVivo zan ɗauka ko ATLAS.ti?" Tambayar ba ta da laifi, sai dai ta yi sammako, kuma akwai wani zato a ƙarƙashinta. Ɗalibin ya saba ganin abokansa masu binciken ƙididdiga sun zuba amsoshin takardun tambaya cikin SPSS, sun danna, jadawali ya fito. Sai ya ɗauka akwai manhajar da za ta yi wa hirarrakinsa haka, ya ba ta hira talatin ta miƙo masa babi na huɗu na kundinsa, wato na sakamakon bincike.

Manhajojin da ake magana a kansu ba haka suke aiki ba. An yi su ne domin bincike bi-bayani, wato wanda ya dogara da maganganun mutane, da takardu, da hotuna, da abin da mai bincike ya gani da idonsa. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin wani malamin zaure ya ga yadda gefen kowane shafi ke cike da hashiya, nan an fassara kalma, can an nuna wurin da mas'alar ta sake fitowa, to ya riga ya fahimci aikinsu. Kai za ka karanta, kai za ka ja layi a ƙarƙashin magana, kai za ka raɗa mata laƙabi. Wannan shi ne abin da ɗalibai ke kira kodin. Abin da manhaja ke yi maka shi ne riƙe laƙabin, ta kuma dawo maka da duk inda ka sa shi a duk lokacin da ka nema.

Mu ce kana nazarin asarar da manoman albasa ke yi a Goronyo da Wurno. Wani manomi ya ce maka rabin abin da ya zuba a rudu ya ruɓe kafin farashi ya tashi, sai ka sa wa wannan magana laƙabin "asarar ajiya". Wani ya ce dole ya sayar tun a gona saboda dillali ya ba shi kuɗin taki, ka sa "bashin dillali". Bayan ka bi hirarrakin duka, sai ka ce wa manhaja ta tara maka duk inda aka yi maganar bashin dillali, ta raba maka na masu ƙaramar gona da na masu babba. Cikin ƙiftawar ido ta kawo su, kowace magana da sunan hirar da ta fito. Amma gane cewa bashin ne ke hana manomi jiran farashi, har ma ya fi ruɓewar cutar da shi, wannan daga kanka zai fito. Idan laƙubban da ka raɗa ba su da ma'ana, manhajar da ta fi kowace tsada za ta jera maka su tsaf a yadda suke.

Manyan sunayen da ake ji sun daɗe. Tushen NVivo wata manhaja ce mai suna NUD*IST da Tom da Lyn Richards suka fara a Jami'ar La Trobe ta Ostareliya a 1981, sunan NVivo kuma ya fito a 1999. ATLAS.ti ta samo asali ne daga wani aikin bincike a Jami'ar Fasaha ta Berlin, Thomas Muhr ya fitar da ita kasuwa a 1993. MAXQDA ita ma ta Jamus ce, Udo Kuckartz ya soma ta a 1989. Tun daga 2024 kamfani ɗaya ne, Lumivero, ke da NVivo da ATLAS.ti. Dukkan ukun suna karɓar rubutu da murya da bidiyo da hoto, dukkansu suna ba ka damar sa laƙabi, da rubuta tunaninka a gefe, da kwatanta rukuni da rukuni. An fi yabon NVivo wajen tambayoyi masu sarƙaƙiya da ake yi wa tarin bayanai, ATLAS.ti wajen zana alaƙar da ke tsakanin laƙubba, MAXQDA kuma wajen haɗa bayanan baki da alƙaluma. Ga ɗalibi ɗaya mai hira ashirin ko talatin, wannan bambancin bai kai yadda tallace-tallace ke nunawa ba. Abin da zai raba maka gardama yana wani wuri, kuma na farkonsa shi ne harshen da mutanenka suka yi magana da shi.

A nan ne nake ganin an fi yin sakaci. Waɗanda suka ƙera manhajojin nan da Turanci da Jamusanci a ransu suka ƙera su, mu kuwa bayananmu Hausa ce, galibi Sakkwatanci, wani lokaci da Fulatanci ko Zabarmanci, ga ayoyi da hadisai da Larabci a tsakiyar zance.

Fara da baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ. Har yanzu akwai shagunan buga takardu da sassan jami'a da ke amfani da tsofaffin salon rubutu irin su Rabi'at. Waɗannan ba su ƙirƙiri sabon harafi a cikin kwamfuta ba, aro suka yi: sun ɗauki wasu alamomi da ba a cika amfani da su ba suka canza musu kama. Shi ya sa idan ka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da wannan salon, sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]an a maimakon ɗan. Idan ka shigar da irin wannan rubutun cikin manhajar nazari, ko da ya bayyana daidai a idonka, ita alamar asali take gani. Ka nemi "ƙasa" ta ce babu. Maganin shi ne a buga hirarrakin tun farko da haruffan Unicode, waɗanda kowace kwamfuta da waya ta zamani ke ganewa, ko kuma a sauya tsofaffin alamomin ɗaya bayan ɗaya a Word kafin a shigar. Aikin minti kaɗan ne idan an yi shi a farko. Idan an bari sai an sa laƙabi ɗari uku, gyaran rubutun na iya gusar da wuraren da aka yi wa alama.

Sai kuma neman kalma da ƙirga ta, abin da ke burge sababbin masu amfani da manhajojin, musamman hoton nan da ke nuna kalmomin da suka fi yawa da manyan baƙaƙe. A Hausa wannan yana iya yaudararka. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka farin da ke kashe amfanin gona, da farin launi, da farin da ke nufin farko, duk abu ɗaya ne a wurin kwamfuta. Mai nazarin sauyin yanayi a Gada ko Tangaza da ya ƙirga "fari" zai haɗa har da farin gero da ɗan fari. Ta ɗaya gefen kuma, kalma ɗaya tana rarrabuwa. Basakkwace zai ce kuɗɗi, zamna, hwara, tahi, yayin da mai buga hirar, idan ya yi karatu da daidaitacciyar Hausa, zai rubuta kuɗi, zauna, fara, tafi a wani shafi, a wani shafin kuma ya bi bakin mai magana. Ga jam'in Hausa da ba ya bin hanya ɗaya: gona da gonaki, ɗa da 'ya'ya ko ɗiya. Dabarar da manhajojin ke da ita ta tattara kalma da 'yan uwanta an gina ta ne domin wasu harsuna. Saboda haka kada wannan fasahar ta zama dalilin da zai sa ka biya kuɗi. Abin da ya fi amfani shi ne ka duba ko manhajar za ta bar ka ka nemi kalmomi da yawa a lokaci guda, ka kuma shigar da jerinka na ƙananan kalmomin da za ta tsallake, irin su da, na, ta, ne, ce, kuma.

Wata shawara da ake yawan ba ɗalibai ita ce su fassara komai zuwa Turanci kafin su fara. Ban goyi bayan haka ba, sai dai in akwai abokin aiki da ba ya jin Hausa. Idan matar aure a Kware ta ce kunya ce ta hana ta zuwa awon ciki na farko, mai fassara zai zaɓa mata kalma ɗaya ta Turanci, kuma daga nan duk nazarin zai bi zaɓinsa. Alhali kunyar cikin fari a al'adarmu ta haɗa da nauyin surukai, da kara, da abin da unguwa za ta ce. Ka yi kodin a kan Hausar, ka fassara abin da za ka kawo a cikin kundi kawai. Duk manhajojin nan suna barin ka rubuta laƙabi da harshen da ka ga dama, har ka ɗauki furucin mai magana ka mai da shi laƙabi.

Masu aiki a kan rubuce-rubucen ajami da na Larabci, irin waɗanda ke ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ko a hannun zuri'ar malamai, matsalarsu daban ce. Yawanci hoton shafi suke da shi, don haka suna buƙatar manhajar da za ta bari a zana akwati a wani sashe na hoto a sa masa laƙabi. Manyan ukun suna yin haka, QualCoder ma tana yi. In kuwa an buga rubutun da haruffan Larabci, dole a gwada yadda manhajar ke tafiyar da rubutu daga dama zuwa hagu. Masu NVivo da kansu sun sha yin gargaɗi a takardun jagorarsu cewa irin wannan rubutun ba lallai ya yi aiki yadda ake so ba, MAXQDA kuwa ta fi samun yabo a wannan fannin.

Juya murya zuwa rubutu shi ne aikin da ya fi cin rai. Ƙiyasin da masu bincike suka saba yi shi ne sa'a ɗaya ta hira tana cin sa'a huɗu zuwa shida a bugawa. Shi ya sa tallar juyawa kai tsaye ke jan hankali. Whisper, manhajar juya murya zuwa rubutu da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, ta lissafa Hausa cikin harsunanta, amma tsohuwar da ke magana da Sakkwatanci a tsakar gida, ga kukan awaki ga ƙarar inji, ba irin muryar mai karanta labarai ba ce. Ka gwada da minti biyar na hirarka ta gaske kafin ka dogara da ita. Kuma kada a manta, wanda ya buga hirarsa da hannunsa ya riga ya fara nazari, domin a lokacin ne kunne ke kama inda mutum ya yi jinkiri, ko ya sauya zance.

Bayan harshe sai wuta da intanet. Dedoose, wadda wasu masana daga Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles suka ƙirƙira, tana aiki ne a intanet kuma wata-wata ake biya. Tana da daɗi ga ayarin da ke warwatse, wani a Sakkwato wani a Zariya wani a Ingila, kowa yana ganin aikin ɗan uwansa. ATLAS.ti ma tana da nau'in intanet. Amma wanda zai yi makonni a Illela ko Sabon Birni, ko wanda datarsa ke ƙarewa a tsakiyar wata, gara masa wadda ke zaune a cikin kwamfutarsa. Ita ma sai an lura da nauyinta. NVivo tana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma tsohuwar laftof mai ƙaramar ƙwaƙwalwa a zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, za ta riƙa sanƙarewa tana cinye batirin da ka sha wuya ka caza. Ko wace ka ɗauka, ka riƙa ajiye kwafi a wuri biyu. A 2014 Dedoose ta gamu da babbar matsala a na'urorinta har masu bincike da dama suka rasa wani ɓangare na aikinsu, kuma abin da ya sami kamfani zai iya samun filashin da ke aljihunka.

Maganar kuɗi tana da fuska biyu. Ta farko kowa ya san ta: da dala ko yuro ake biya, kuma tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashin ya yi wa ɗalibai nisa. Ta biyu ita ce wa'adi. Lasisin ɗalibi mai rangwame na watanni ne ko shekara ɗaya ko biyu, kuma agogonsa ba ya tsayawa don an rufe jami'a. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas. Ko babu yajin aiki, tsakanin miƙa kundi da zuwan mai jarrabawa na waje akan ɗauki lokaci, kuma a ranar da aka ce ka koma ka sake duba jigo na uku ne za ka tarar lasisi ya ƙare. Don haka kada ka saya tun kana rubuta babi na ɗaya. Ka jira sai hirarraki sun zama rubutu. Malamin da ke neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kuwa ya sa kuɗin lasisi da na masu buga hira a cikin kasafinsa tun farko.

Akwai na kyauta, kuma ba na wasa ba ne. QualCoder, wadda Colin Curtain ya rubuta a Ostareliya, tana aiki ba tare da intanet ba a Windows da Mac da Linux, tana karɓar rubutu da hoto da murya da bidiyo, tana kuma iya kwatanta kodin ɗin mutum biyu. Fuskarta ba ta kai ta masu tsada kyau ba, kuma girka ta na iya buƙatar taimakon wanda ya san kwamfuta. Taguette ta fi kowace sauƙi, cikin yini ɗaya za ka iya ta, amma rubutu kawai take karɓa kuma aikinta bai wuce ja layi da sa laƙabi da fitar da su ba. QDA Miner Lite ta kamfanin Provalis na Kanada tana tsakiya, a Windows take aiki. Wanda ya ga tsohuwar maƙala ta ambaci RQDA kada ya ɓata lokacinsa, an daina kula da ita.

Hanya ta uku da ɗalibai ke bi ita ce kwafin sata da ake girkawa a shago kan kuɗi kaɗan. Na fahimci abin da ke kai mutum can, amma ina roƙon a guje shi. Bayan haƙƙin masu ita, irin wannan kwafin yakan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, yakan daina buɗewa ba gargaɗi, kuma ba ka da wanda za ka kai wa kuka. Za ka kuma rubuta sunanta a babi na uku, inda ake bayanin hanyoyin bincike, alhali ba ka da lasisi.

Wani abu da ya rage tsoron makalewa shi ne tsarin musaya da ake kira REFI-QDA, wanda aka ƙaddamar a 2019. Da shi za ka iya fitar da aikinka duka, da hirarraki da laƙubba da bayanan gefe, a fayil ɗaya, ka buɗe shi a wata manhajar. NVivo da ATLAS.ti da MAXQDA da QualCoder duk suna amfani da shi. Ba komai ke tsallakawa lafiya ba, zane-zane da wasu tambayoyin da ka ajiye sukan ɓace, amma ainihin kodin yana wucewa. Wannan yana nufin ɗalibi zai iya aiki da QualCoder ya aika wa mai duba aikinsa da ke da NVivo, kuma wanda lasisinsa ke gab da ƙarewa ya fitar da aikinsa tun da sauran kwana.

Batun amana ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Yanzu kusan kowace babbar manhaja ta saka ƙirƙirarriyar basira da ke taƙaita hira ko ba da shawarar laƙubba, kuma don yin haka sai an tura rubutun zuwa na'urorin kamfani a wata ƙasa. Ka tuna su wa ka yi hira da su. Wanda ya gudo daga ƙauyensa a Isa saboda 'yan bindiga ya gaya maka wanda ake biya haraji da yadda ake biya. Mace ta gaya maka ciwon da ko mijinta bai sani ba. Sun faɗa ne saboda ka yi musu alƙawarin maganar ba za ta fita ba. Dokar kare bayanan sirri ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai riƙe bayanan mutane, har da batun fitar da su waje, kuma kwamitin ɗa'ar bincike da ya ba ka izini yana da haƙƙin sanin inda bayanan za su je. Cire sunan mutum kaɗai bai wadatar ba, domin a ƙaramin gari cewa "ungozomar da ke bayan masallacin Juma'a" daidai yake da faɗin sunanta. A goge irin waɗannan alamomin kafin a shigar da rubutu ko'ina, a kuma kashe wannan fasahar in ba a nemi yardar masu maganar a kanta ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ɗalibi ɗaya mai hirarraki ashirin zuwa arba'in da Hausa, wanda zai fitar da jigogi bisa matakan nan shida da masana Braun da Clarke suka tsara a 2006, QualCoder ta ishe shi, in ma rubutu ne zalla Taguette za ta yi. Mai hira takwas ko goma zai iya gamawa da jadawalin Word ko Excel, kuma babu abin kunya a ciki. Wanda ya haɗa takardun tambaya da hira, ko yake da rubutun Larabci, ya fara duba MAXQDA. Ayarin asibiti ko na ƙungiya mai mutum huɗu ko biyar suna kodin tare, su ne kuɗin manhaja mai tsada zai fi yi wa amfani. Sannan akwai abin da ke rinjayar duk wannan: idan mai duba aikinka da manyan ɗaliban sashenku sun iya wata guda, kuma sashen yana da lasisinta, ka bi su, saboda wanda zai zauna kusa da kai ya nuna maka inda ka kuskure ya fi bidiyon YouTube goma.

Kafin ka yanke hukunci, ka yi amfani da kwanakin gwaji na kyauta da masu tsadar ke bayarwa, amma kada ka gwada da misalin Turancin da suka haɗo da manhajar. Ɗauki hirarka biyu, har da wadda ta fi rikicewa, mai Sakkwatanci da Larabci da mutum uku suna magana a lokaci guda. Shigar da su, duba ko ƙ da ɗ sun fito, sa laƙabi goma, haɗe biyu su zama ɗaya, nemi kalma mai lanƙwasa, fitar da sakamakon zuwa Word, sannan ka kashe intanet ka ga ko za ta buɗe. A babi na uku kuma, maimakon jimlar nan da aka saba ta cewa an yi nazarin bayanai da manhaja kaza, ka rubuta sunanta da lambar nau'inta, da harshen da ka yi kodin da shi, da wanda ya buga hirarrakin, da yadda laƙubbanka na farko suka haɗu suka zama jigogin da ke babi na huɗu. Wannan na ƙarshen shi ne mai jarrabawa na waje zai tsaya a kai ranar kare kundi.